Na toshe lambar Baffana, na bar matata da laifin

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da masu bibiyarka baki ɗaya. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Roƙona ga masu karatu su daure su kai ƙarshe kafin su yanke mini hukunci. Na san wasu za su zage ni, kuma ba zan ce ban cancanta ba, amma ba zagi na rasa ba, safe da yamma ina yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma da gaggawa.

Ni magidanci ne a garin Daura, ina da mata da 'ya'ya uku, ina aiki a wani ofishin gwamnati. A da ni mutum ne mara tsari ko kaɗan. In na dawo daga sallar asuba sai in koma barci, in farka a gigice, in kwashi yara a mota mu isa makaranta an rufe ƙofa, ni ma in isa ofis a makare. Teburina fayil kan fayil, abin da aka ba ni yau sai wani makon ake ganinsa, in an gan shi ke nan. Waya kuwa ba ta barin hannuna, duk wanda ya kira sai na ɗauka, duk wanda ya leƙo ofis sai mun yi hira. A gida matata Bilkisu za ta ce gas ya kusa ƙarewa, in ce to, sai ranar da ya mutu tana tsakiyar girki sannan in tuna. Ranar da ogana ya miƙa mini takardar gargaɗi, abin da ya faɗa ya fi takardar yi mini ciwo. Ya ce, "Kai ba malalaci ba ne, amma kowa yana da rabo a yininka ban da aikinka da iyalinka."

Daga nan na ɗaura ɗamarar gyara kaina, kuma Allah ya taimake ni. Na daina komawa barci bayan asuba. Na koyi fara yini da aikin da ya fi nauyi, in kashe ƙarar waya in jefa ta a aljihun tebur sai an kira azahar, kiran 'yan gida kaɗai na bari yana shigowa. Na fita daga tarin guruf ɗin hira na waya da ba su ƙare ni da komai, na rage zaman majalisa. Duk yammacin Asabar mukan zauna ni da Bilkisu mu tsara makon gaba: ranar cefane, ranar kai yara asibiti in akwai, wanda za a je dubiya, bikin da za a je da wanda za a aika da uzuri. Gidanmu ya samu natsuwar da bai taɓa samu ba. Wata rana Bilkisu tana dariya ta ce, "Baban Hanifa, kamar an musanya mana kai a kasuwa." A ofis ma ba a daɗe ba aka ba ni shugabancin sashenmu. Ina faɗin wannan ne don a san ba tsarin nake zagi ba, tsari alheri ne. Ni ne na kai shi inda bai kamata ba.

Ina da Baffa, ƙanin mahaifina, yana zaune a wani ƙauye a ƙasar Mashi. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifina, a kan kekensa yake kai ni firamare, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana. Ni na saya masa waya, na saita masa yadda in ya danna maɓalli ɗaya zai same ni, saboda idonsa ya yi rauni, matarsa Inna kuma ba ta karatu. Shi ke nan Baffa ya samu abin yi. Ba shi da lokacin kira, kuma ba ya kira don wata buƙata. "Babana, an yi ruwa a wajenmu jiya, ku fa?" "Babana, jar akuyar nan ta haifi biyu." Sai ya ba ni labarin farashin gero, da wanda ya rasu, da wanda ya yi aure, ni kuwa ba na iya katse shi. Na lallaɓa shi na ce, "Baffa, in da hali a riƙa bari sai yamma, da safe aiki yana yi mini yawa." Ya ce, "To Babana, Allah ya yi albarka." Washegari da hantsi sai ga kiransa.

Wata rana muna taro da manya da suka zo daga Katsina, na manta ban kashe ƙarar waya ba, ina tsaye ina bayani ta ɗauki ruri. Na duba, Baffa ne. Na katse, ya sake kira. Na katse, ya sake. Ogana ya yi mini wani kallo, kunya ta rufe ni. Ina fitowa, cikin fushi na toshe lambar Baffa. Wallahi niyyata in buɗe da yamma. Yamma ta yi ban buɗe ba. Gobe ta zo, na ji yinina ya tafi sumul, na ce bari a ƙara kwana biyu. Daga nan sai na yi wa kaina fatawa: ai ba yanke zumunci na yi ba, tsara shi na yi, ni zan riƙa kiransa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Haka na sa mutumin da ya raine ni a layi ɗaya da cefane da wankin mota. Wane irin ɗa ne yake yin haka?

A irin kiran Juma'ar nan ne ya ce mini, "Babana, wayarka ta daina karɓata. Kullum sai ta ce kana magana da wani." Na ce, "Sabis ne Baffa, kun yi kusa da Nijar, layinsu ne yake shigo muku." Ya ce, "Af, shi ya sa. Ni kuwa har kan tudun bayan gida nake hawa ko za ta shiga." Tsoho mai ciwon gwiwa yana hawa tudu yana neman sabis ɗin da ni na ɗauke masa. Duk da haka, muna gama waya na koma harkokina. Watanni aka yi a haka.

A daminar nan da ta wuce, wata safiya Baffa ya dawo daga gona da hantsi ya ce kansa yana sarawa. Inna ta kawo masa fura, ya miƙa hannu ludayin ya faɗi, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Gari ba kowa, duk majiya ƙarfi suna gona. Abu ɗaya Inna ta sani a waya, maɓallin nan da na koya musu, kuma ta san ni ne mai mota. Ta yi ta dannawa tana kuka. Ni kuwa a lokacin ina ofis, teburina fes, ina jin daɗin yadda na gama aikin yini kafin azahar. Sai bayan azahar wani maƙwabci ya dawo daga gona, aka ɗaure masa Baffa a baya da zani a kan babur zuwa Mashi. Da la'asar Yaya Hajara, babbar 'yar Baffa da ke aure a Dutsi, ta kira ni. Na same su a Mashi, daga nan aka tura mu Katsina. Likita ya tambayi Inna, "Tun yaushe abin ya fara?" Ta ce tun hantsi. Ya girgiza kai ya ce, "Irin wannan ciwon da wuri ake so a kawo." Ban san ko da na je da wuri da ɓarin jikinsa bai shanye ba, wannan sanin Allah ne. Amma na san daga Daura zuwa ƙauyenmu ba wata tafiya ba ce a mota.

A barandar asibitin, dangi sun taru, Inna ta dube ni ta ce, "Abba, na kira ka har yatsana ya gaji." Na ce sabis ne, layin Nijar ne yake shigo musu. Yaya Hajara ta karɓi wayar Baffa ta danna a gaban kowa. Wayata tana hannuna, shiru. Ta ciro tata ta kira ni, nan take ta yi ƙara. Ta ce, "A nan ma Nijar ce? Toshe lambar aka yi. Wa ya toshe lambar Baffa a wayarka?" Duk ido ya dawo kaina. A nan ne ya kamata in ce ni ne. Kalma biyu kacal. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wallahi ban san yadda aka yi ba, wayar nan in na koma gida ajiye ta nake yi, mutanen gida ne ke taɓa ta." Har da rantsuwa. Yaya Hajara ta gyaɗa kai ta ce, "Na gane. Dama tun da ka fara wannan sabon tsarin naku muka daina ganinka, mun san ba daga kai ba ne." Ban ambaci sunan Bilkisu ba, amma ina kallo suka ɗora mata, na ja bakina na yi shiru.

Tun daga ranar Bilkisu ta zama abar ƙi a danginmu. Ita ce ta riƙa dafa abinci tana ba ni in kai Katsina duk zaman da aka yi a asibiti, sai a mayar mini da kwanukan ba a buɗe ba. Da aka sallami Baffa muka je dubiya, ta durƙusa ta gai da Inna, Inna ta juya mata baya. Matan gidan suka tashi daga tabarmar da ta zauna. A mota tana kuka ta ce, "Baban Hanifa, me Baffa ya taɓa yi mini? Mutumin da duk kaka sai ya aiko mini da wake da kuɓewa busasshiya da sunana?" Na ce ta yi haƙuri, zai wuce. Abin da ya fi kashe ni, bayan kwana biyu tana shirya wa yara abincin makaranta ta tsaya ta ce, "Ko dai ni ce na danna wani abu ban sani ba, ranar da na karɓi wayarka na kira Umma? In ni ce, ka roƙa mini Baffa gafara." Matar da ba ta yi komai ba tana neman laifi a jikinta don ta sama mini sauƙi, ni kuma mai laifin ina tsaye ina ɗaura agogo. Na ce, "Ƙila kuskure ne." Kun ji fa, ƙila kuskure ne.

Na yi yunƙurin faɗa wa Baffa. Na je ni kaɗai, na same shi a zaure an jingina shi da filo, hannunsa na dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Maganarsa yanzu sai ka kasa kunne sosai. Na zauna ina matsa masa ƙafa ina haɗa kalmomin a raina, sai ya riga ni. Ya ce, "Babana, su bar yarinyar nan. Ko ita ce, na yafe. Ni dai na san kai ba za ka rufe ni ba." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina. Ta ina zan fara? In gaya wa mutumin da hawan jini ya kayar cewa ɗan da yake alfahari da shi ne ya gaji da muryarsa? In abin ya sake buge shi fa, in ce me?

Yanzu maganar ta fi ƙarfina. Yaya Hajara ta kai ta gaban manya, an sa ranar Juma'a mai zuwa za a zauna da mahaifin Bilkisu. Wasu suna cewa Bilkisu ta je gida ta ɗan huta har zukata su yi sanyi, kuma kowa ya san irin wannan hutun ba kullum ake dawowa daga shi ba. Mahaifinta dattijo ne mai mutunci a unguwarsu, ya kira ni ya ce, "In 'yata ta aikata wannan, ni da kaina zan hukunta ta, amma ina so in ji daga bakinka." Ita kuwa ta ce a shirye take ta dafa Alƙur'ani a gaban kowa cewa da saninta ba ta toshe lambar Baffa ba. A ofis kuma, a makon nan ogana ya ce in shirya in yi wa sababbin ma'aikata bita kan yadda mutum zai tsara lokacinsa tsakanin aiki da iyali, wai ni ne abin misali. Na amsa da to, na shiga banɗaki na daɗe ban fito ba.

Na san gaskiya ita ce mafita, ba sai an gaya mini ba. Abin da ban sani ba shi ne ta inda zan ɓullo mata. In na fara da Bilkisu, da wane ido za ta sake kallona, bayan ta san ina gani aka wulaƙanta ta, har na bar ta tana zargin kanta? In na bari sai a gaban manya, na tozarta kaina a gaban surukina, kuma kafin magariba labari ya isa kunnen Baffa. In na roƙi Yaya Hajara a ɓoye ta kashe maganar, ba mai riƙe sirri ba ce, kuma sunan matata bai wanku a wajen sauran ba. In kuma na ci gaba da shiru, zan rasa matar da ba ta cuce ni da komai ba, ga rantsuwar ƙarya a wuyana.

Don Allah malamai, da iyaye mata, da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, ku taimake ni kafin Juma'a. Wa zan fara tunkara, matata ko surukina? Akwai hanyar da zan wanke Bilkisu ba tare da na ƙarasa Baffa ba? Me zan yi?