Anka Biyar a Cikin Itatuwanka

Zuwa ga maigidana, Baban Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin hutun da Ubangiji ya yi wa nasa alkawari. Rahila tana lafiya, karatu yana tafiya. Mutanen coci suna nan yadda ka bar su. Ni ma da sauƙi, sai kafaɗar nan da ka sani. To, na gama gaisuwa, domin ba ita ta kawo ni ba. Raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Na san 'yan zumuntar mata za su karanta su ce Saratu ta taɓu, tana faɗa da wanda ya shekara biyu a ƙasa. Su ce. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa kai ƙararka gaban kowa ba, yau kam sai an ji.

Bari in ɗauko maka daga tushe, tunda kai gwanin mantuwa ne idan abu bai yi maka daɗi ba.

Shekarar da hukumar gari ta rufe gidan da tsofaffi ke yini a unguwarmu ta Salford, kai ne direban motar da ke ɗauko su. Aka bar ka da aikin kwana biyu a mako. Ɗan masunta daga Ibi, wanda ya tashi a bakin Binuwai, ga shi zaune a taga yana ƙirga jiragen ƙasa. Ina gani kana ramewa. Ni na tura ka kulob ɗin masu fatsa na dam ɗin nan na bayan gari, kuma ni na yi ta ƙarin aiki a gidan kula da tsofaffi har muka samu tsohon kwale-kwalen nan mai ruwan toka.

Watan Janairun da ya biyo baya aka daina kwashe itatuwan Kirsimeti daga ƙofar gidaje, wai tsimi ake yi. Suka yi ta bushewa a bakin titi. Kai kuwa ka bi gidajen 'yan coci har Withington kana tattara su, mutane suna yi maka kallon mai ƙaramin hankali. Ka nemi izinin kwamitin kulob, ka ɗaure kowane itace da bulo, ka nutsar da su wuri ɗaya daura da rusasshen bangon nan. Ka ce, "Kifi ba ya son fili, gida yake nema kamar mu." Kafin shekara ta zagayo, kifi ya cika wurin. Turawan da ba sa amsa gaisuwarka suka fara tambayar lafiyar iyali.

A nan ka haɗu da Malam Iliyasu, mutumin Ghana mai Hausa zar, wanda yake tuƙo mota tun daga Sparkhill ta Birmingham ranar Asabar don kawai ya jefa ƙugiya tare da kai. Matarsa takan aiko mana da wake da shinkafa, ni in aika mata da gwate. Ba ka da aboki kamarsa a ƙasar nan, kuma ba ka da abokin gardama kamarsa.

Gardamarku ɗaya ce, na haddace ta. Shi yana da ƙaramin inji mai batir da yake maƙalawa a bayan kwale-kwale. Ya ce da shi mutum zai tsaya a kan rassan, ya zagaya gefensu a hankali, bai taɓa komai ba. Ya ce anka, ƙarfen da ake saki a ruwa ya tsayar da kwale-kwale, tana tona laka, iska ta ja ta cikin rassa ta yage gidan kifin. Kai kuma ka ce ƙarar inji tana korar manyan kifaye, batir yana mutuwa daidai lokacin da kifi ya fara ci, kuma wanda hannunsa ke kan inji ba ya hutawa. Ka ce masunci na gaske yana sakin anka can nesa ta inda iska ke zuwa, ya saki igiya sannu-sannu har ya zo gefen rassan. "Tunda nake, ankata ba ta taɓa maƙalewa ba." Sau nawa na ji wannan maganar, Baban Rahila?

Yanzu mu zo kan nawa rabon.

Ni nake ɗaure maka anka. Ƙullin guga nake yi, wanda Baba ya koya mini a bakin rijiyarmu a ƙauye tun ban kai goma ba, in naɗe bakin igiyar da jan zare don kada ta tsefe. Ranar da muka fita tare, babu abin da yake faruwa. Ranar da nake wurin aiki ka fita kai kaɗai, sai ka dawo da igiya a hannu babu anka. Sau biyar a cikin shekara bakwai. Kowane karo kalmarka ɗaya: "Maman Rahila, ƙullinki ya kwance." Ba ka taɓa nuna mini bakin igiyar ba, kullum tana naɗe a bayan mota, ni kuma ban taɓa cewa a nuna mini ba.

Na yarda da kai. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na zauna a kicin ina gwada ƙulli a ƙafar tebur, ina tunanin ko hannuna ne ya mutu saboda ɗaga tsofaffi ni kaɗai, tun da aka mayar da aikin mutum biyu na mutum ɗaya. Ka mai da abin raha a coci. Wata rana a liyafar girbi ka ce kada a ba Saratu riƙon akuya, aka yi dariya, ni ma na yi, na koma gida na yi kuka a banɗaki. Karo na biyar da Malam Iliyasu ya ce maka a hankali ko dai rassan ne suke cinye ankar, sai ka tashi masa da faɗa, ka ce farfelar injinsa ce ke lalata wurin. Bai sake zuwa ba. Sai ranar jana'izarka na gan shi, tsaye can bayan coci da hularsa a hannu.

Bana aka yi wata da watanni babu ruwan kirki. Dam ya ja baya har kan itatuwanka ya fito. Sakataren kulob ya rubuto mini, tunda kwale-kwalen yana sunana yanzu, cewa an ga ankoki a sarƙe cikin rassan, wurin ya zama tarko, kwamiti zai zauna ya yanke shawarar a tumɓuke tarin gaba ɗaya. Na karanta takardar sau uku a tsaye. Kabarinka dutse ne da suna, ba na jin ka a can. A kan itatuwan nan nake jin ka. Ga shi za a sa ƙugiyar ƙarfe a janye su kamar shara.

Na kira Malam Iliyasu, ban san ma me zan ce masa ba. Washegari da hantsi yana ƙofar gida. Muka shiga ruwa, ya riƙe kwale-kwalen da injinsa, ni na miƙa hannu cikin rassan. Na ciro ta farko. Jan zarena yana nan, ya yi baƙi da laka. Ƙullina yana nan, ya ƙara ƙarfi ma. Sama da shi igiya kamu biyu, bakinta a yanke sumul, yankan wuƙa. Ta biyu haka. Ta uku haka. Duka biyar, kuma duka a tsakiyar tarin, inda ka rantse ba ka taɓa jefa anka ba.

Kai ka yanke su. Idan ba na nan, haƙurin zagayawa ta bayan iska yakan ƙare maka, ka jefa ta kai tsaye a kan rassan don ka fara ci da wuri. Ta maƙale, ka ja ka gaji, ka zaro wuƙar aljihunka. Sannan ka tuƙo mota har gida kana shirya abin da za ka faɗa mini. Malam Iliyasu ya dubi igiyoyin, ya kau da kai ya dubi ruwa. Mutumin da ka zaga a gaban jama'a ya fi ka kunya, sai ka sani.

Daren taron ban yi niyyar tona ka ba. Amma da na zauna na ji yadda ake magana, wai irin wannan tarin yana cin ankar kowa, wai dama ba al'adar nan ba ce, wani ma ya kira shi bolar mutumin Afirka, sai na ga hanya ɗaya ce ta rage. Na ɗauki buhun da na zuba ankokin na zazzage a kan tebur. Na ce musu ankokin nan biyar ba na mutum biyar ba ne, na mutum ɗaya ne, mijina ne, ga zarena a jiki. Na ce rassan ba su bi kowa sun kama ba, shi ya jefa a kansu. Na ce a hana anka kusa da wurin, mai zuwa ya zo da inji ko da filafili, a bar wa kifi gidansa.

Aka yi dariya, Baban Rahila. Irin wadda aka yi mini ranar girbi. Na ɗauka zan ji sanyi, sai na ji kamar an mare ni. Ni kaɗai ke da ikon yi maka dariya, su wa ya ba su? Amma da aka ɗaga hannu, an bar itatuwanka. Yanzu akwai jan balan-balan huɗu kewaye da wurin, ba a sakin anka a cikinsu. Dokar da ka yi shekaru kana yaƙa, da bakin matarka aka kafa ta.

Malam Iliyasu ya bar mini injinsa, ya ce ya tsufa da tuƙin Birmingham. Ina fita da shi ranar hutuna. Yana da gaskiya, ba ya taɓa reshe ko ɗaya, kuma kafaɗata ta huta da jan igiya. Kai ma kana da taka gaskiyar, ko da yake ba na son ba ka ita. Hannuna ba ya barin injin. Iska ta ɗan motsa, sai na gyara. Ba na iya buɗe kwanon abinci, ba na iya jingina. Sai yanzu na tuna cewa duk ranar da muka fita tare, kai ne mai zagayawa can nesa, ka saki anka a tsanake, ka zauna ka miƙe ƙafa, ka ɓare mana gyaɗa, mu yi awa uku ba abin da ke motsi sai bakinka. Da ni a ciki ba ka taɓa gaggawa ba. Wannan ma na gane shi a makare, kuma bai wanke ka ba.

Ankokin suna ƙarƙashin gado, ban kwance ko ɗaya ba. Rahila ta ce in zubar, na ce shaida ce.

Ubangiji ya gafarta maka, ya haskaka maka fuskarsa, ya ba ka wurin zama a bakin ruwa mai kwanciya. Ya ba Malam Iliyasu lafiya da tsawon rai. Ni kuma ya sassauta mini zuciya kafin ranar da zai kira ni, domin har yanzu da saura. Idan na iso, kada ka tarye ni da waƙa ko da wasan nan naka. Ka tsaya ka dube ni, ka ce, "Saratu, ni na yanke." Daga nan sai ka matsa mini in zauna.

Taka, wadda ƙullinta bai kwance ba,
Saratu, Maman Rahila