Na Bar Kwalbar Iskata Kusa da Butar Kofi

Anti Noreen, ki taimake ni. Abin nan yana cina, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa a tashar jiragen ruwa.

Nutso nake yi a nan Ketchikan, garinmu na bakin teku, ina haƙo katantanwar teku. Matata Marlys ce ke zama a jirgi, tana kula da injin da ke turo mana iska ta tiyo. Bana muka ɗauki wani mai nutso, Wendell, sa'ana ne, har ya fi ni furfura. Kullum kafin ya faɗa ruwa sai ta duba masa 'yar kwalbar iskar da muke goyawa saboda ko inji zai mutu. Ta buɗe, ta zuƙa, ta ƙara ɗaure masa ita. Ni kuwa ko kallon tawa ba ta yi. Gaskiya ni na hana ta tun muna sabon aure, na ce ni ba jariri ba ne, amma ai an daɗe. In na ga hannunta a kafaɗarsa sai in ji kamar in hankaɗa shi ruwa. Ban taɓa kama su da komai ba. Mutumin ma kirki gare shi, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan.

Tun makon jiya na daina goya tawa. Ina ajiye ta kusa da butar kofi, inda dole ta gani, in sauka haka nan. Har yau ba ta ce uffan ba. Jiya ina ƙasa iska ta ɗan yanke, sannan ta dawo. Anya matar nan ta damu da ni?

Mai Kishi a Ƙarƙashin Ruwa

Ɗan'uwa, kishinka bai ba ni dariya ba. Kowa na son a duba shi, ko da ya ce ba ya so.

Marlys tana da nata laifin. Mai kula da tiyo bai kamata ya bar kowa ya sauka ba kwalba ba, ko mijinta ne mai taurin kai. Amma kai ka rufe mata baki, ta kuma rufe. Wendell ya bari a duba shi, shi ya sa ake duba shi. Ban ga fiye da haka a wasiƙarka ba. Ina kuma kyautata zaton ta ga kwalbar, tana haɗiye tsoro ne don kada ka sake gwasale ta.

Gobe, kafin a tayar da inji, ka cika kwalbar, ka gwada ta, ka goya. Sannan ka juya ka nuna mata kwalbar a bayanka, ka ce ta duba maka, a gaban Wendell ɗin. Maganar kishi ku yi ta a gida, da baki.

Ka daina gwada ta da ranka. Ranar da iskar ta yanke ba ta dawo ba, ba za ka ji amsar tambayarka ba, kuma Marlys ce za ta jawo ka sama da hannunta.

Allah ya fito da kai lafiya, ya daidaita tsakaninku.

Anti Noreen