Gadon Ƙaho Ya Koma Zariya

Unguwar Wanzamai, Gaya
Watan Sha'aban, 1974

Zuwa ga Yaya Badaru a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, gero ya yi kyau a gonarmu ta Kademi, Inna kuma ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, albishirinka. Ka san tun da ƙanenmu Ɗanladi ya ajiye zabira ya kama aiki a sashen binciken jini na makarantar likitoci a Zariya, Baba bai ƙara kiran sunansa ba, wai ɗan wanzami ya watsar da gado ya tafi wankin kwalabe. To, watan jiya amosanin jinin 'yata Baiwa ya tashi, idonta ya yi fari fat, muka ɗauke ta sai Zariya. Baba ya biyo mu yana cewa shi rakiya kawai ya yi. Ka dai san halin tsohonka.

Can na ga abin da ya sa na riƙe baki. Ɗanladi ya ce da aka buɗe sashen, ɗaki guda ne da madubin duba jini, shi yana wanke kwalabe. Yanzu ga firji cike da jini, ga ɗaliban likita suna tsaye a bayansa yana nuna musu ƙwayoyin da suka lanƙwashe kamar lauje. Likita ya ce sai an ƙara wa Baiwa jini a ranar, kuma irin nata ya ƙare. Ni ina da juna biyu, na maigidana bai dace ba, Ɗanladi kuwa bai daɗe da bayarwa ba. Wallahi na fid da rai.

Sai Baba ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nasa, ba tare da ya dubi kowa ba. Ya dace. Ɗanladi ne ya nemi jijiya, Baba ya daka masa tsawa wai ɗan wanzami ba ya rawar hannu. Da kwalbar ta cika Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ce shi tun yana saurayi yake zuƙo jini da ƙaho yana binnewa a rami, yau ga ɗansa ya ɗebo zai zuba wa mutum ya tashi. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Baiwa tana nan tana tsalle a tsakar gida. Baba kuwa duk wanda ya zauna aski sai ya sha labari, wai kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gadon bai mutu ba, Zariya ya koma.

Ka gaida Yaya Hansai da su Lami. Inna tana sa maka albarka. Baba ya ce in ka tashi aiko da goro, ka ware na Ɗanladi. Da bakinsa ya faɗi sunan.

Ƙanwarka,
Kadijatu