Tambarin da ke ƙarƙashin bindigar mahaifina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan ko abinci ba ya yi mini daɗi.

Ni mutumin Gadarif ne a ƙasar Sudan, direban tarakta a mashru'an dawa da riɗi, wato manyan gonakin nan. A ɗakin mahaifina akwai tsohuwar bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tun muna yara yake ce mana kakanmu ne ya ƙera ta da hannunsa kafin ya taso daga ƙasar Hausa, mu kuma muka riƙe abin muna ta cika baki a unguwa. Yanzu Baba ya tsufa, idonsa ya tafi, ciwo ya kwantar da shi, amma kullum sai an miƙa masa ita ya shafa.

Ni da rawar kaina, na ga tsatsa ta cinye kunamarta, na ce bari in faranta masa. Ban gaya wa kowa ba na naɗe ta a buhu na kai wa wani tsohon maƙeri Bahaushe a kasuwa. Yana kallonta ya ce wannan ba aikin ƙasar Hausa ba ne, icen jikinta ma na nan ne. Na yi masa gardama sosai har na so in karɓe kayana. Sai ya ce maƙeran gidansu ba sa sa tambari a fili, a ƙarƙashin bututu suke sawa inda ice ya rufe, in bari ya cire mu gani. Ya cire, sai ga zane uku da ɗigo biyu. Ya ɗauko tsohuwar gudumarsa ya nuna mini, iri ɗaya sak.

Wallahi dattijon nan zama ya yi a ƙasa yana hawaye. Ya ce mahaifinsa ne ya ƙera ta, ya ba babban ɗansa Idrisa, wato wan shi dattijon, lokacin da zai tafi Fashaga can bakin iyakar Habasha gadin riɗi, farkon zuwan taraktoci. Idrisa bai dawo ba, babu gawa babu labari. Mahaifiyarsu har ta rasu, duk kaka in lorin 'yan aiki ya shigo gari sai ta fita ta duba.

Ni kuwa na san Baba ya yi aiki a Fashaga yana saurayi, kuma duk surutunsa bai taɓa ba mu labarin can ba.

Dattijon bai riƙe bindigar ba. Ya gyara ta tsaf ya miƙo mini, ya ce, "Ya waladi, ɗana, ba ƙarfe nake nema ba. Ka tambayar mini babanka inda ɗan'uwana yake kwance, khalas, shi ke nan."

Da na mayar da ita, Baba yana shafawa ya ji ƙusoshin sababbi ne. Ya ce, "Wa ya buɗe ta?" Na ce maƙeri ne a kasuwa. Bai yi faɗa ba, ya juya fuskarsa bango, tun ranar ko kunu sai da lallashi.

Yayata ta wanke ni tas, ta ce ni na jawo, kuma in na kuskura na tambaye shi wani abu ya same shi ba za ta yafe mini ba. Ta ce wa ya sani, ƙila saya ya yi, ƙila amana aka bar masa. Ni ma haka nake fata, amma in haka ne me ya sa ya jingina ta ga kakanmu shekara da shekaru? Ina son mahaifina, ina tsoron abin da zan ji, kuma tausayin dattijon nan ya hana ni sakat, shi ma ƙafarsa ɗaya tana kabari.

Jiya dattijon ya aiko mini cewa ranar Juma'a bayan masallaci zai zo duba Baba da jiki. Jama'a, in tare shi a ƙofa in ce masa Baba ba ya gane mutane, ko in kama hannunsa in kai shi har bakin gadon?