Kunne Ɗaya Nasa, Ɗaya Nawa

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya gajiya, ya maigidan naki da 'yar jikata? Ina fata tarin nan ya sake ta. Mu nan sai godiyar Allah.

Kada ki tsorata da ganin takarda. Na rubuta ne na ɗauki hotonta na turo miki, don a gidan nan ba a yin magana a waya Babanku bai ji ba. Ciwon shanyewar jikin nan ya taɓa masa hannu da ƙafar dama, amma kunne yana nan garau. Ko murfin tukunya na ɗaga sai ya tambayi me ake dafawa.

Abin da yake gaya miki cewa yana fita tafiya kullum ba gaskiya ba ne. Likitar gashin ƙashi ta ce watannin nan uku su ne masu muhimmanci. In ya riƙa tafiyar minti talatin kowace safiya ba tsayawa, ƙafar za ta dawo. In bai yi ba, za ta sandare a yadda take, ya ƙare da jan ta. Wata guda ya riga ya wuce, Auta, kuma fitarsa huɗu kacal.

Da farko na ɗauka taurin kai ne irin na direba, mutumin da ya shekara talatin da biyu yana jan bas, ko shagon bakin layi da mota yake zuwa. Sai na bi shi a fitarsa ta huɗu na gani da idona. Daga ƙofar gida zuwa famfon kwana mutum tara suka tsayar da shi. Mai faci, mai shago, matar gidan da ke kallonmu, har da wani da ban taɓa gani ba wai ya sha shiga motarsa. Kowa sai ya riƙe masa hannu, ya tambayi jiki, ya kalli ƙafar, ya girgiza kai, ya kawo labarin wani ɗan'uwansa da irin ciwon ya kwantar. Duk don ƙauna suke yi, na sani. Shi kuma kin san shi, ba ya iya amsa gaisuwa yana tafe. Ya dawo gida ya zauna bakin gado ya ce ya gaji da zama abin kallo. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ga abin da ya zo mini. Masu gudun safe da ke wucewa ta layinmu, ba mai tsayar da su, saboda ɗan abin nan da suke toshe kunne da shi, iyafis mara igiya. Mutane na ganinsa sai su ɗaga hannu kawai. Ke da kika san kayan zamani, wane iri ya dace da tsoho mai hannu ɗaya? Na gwada masa mai igiya na yayanki, igiyar ta sarƙe da sandarsa.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yarinya.

Taki,
Umma

*

Zuwa ga Autata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Saƙonki ya iso, kuɗin ma sun iso, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Amma kukan da kika yi a saƙon murya bai yi mini daɗi ba. Ba wanda ya ce kin gudu kin bar mahaifinki. Aure da aiki suka kai ki.

Jiya na rufe keken ɗinki na tafi shagon wayoyi. Mai shagon mutum ne mai haƙuri, ya baje mini iri biyar a kan gilashi, na ce ya rage su, kaina ba zai ɗauka ba. Aka bar biyu: wanda kika turo hotonsa, da wani mai araha.

Naki dai kyakkyawa ne, ba ƙarya. Fari tas, ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, gidansa ma abin a ajiye a kalla ne. Da ya saka mini, ya ɗan shafa shi da yatsa, sai duk hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Ina ganin bakin mutane na motsi, janareta na girgiza a ƙofar shago, ni kuwa shiru. Har na dafe gilashin, na zaci jiri ne. Ya ce wannan shirun shi ake saye da tsada. Ya ce akwai kuma yadda ake shafa shi ya buɗe a ji waje, zufa ba ta ɓata shi, kuma in ya ɓace waya na nuna inda yake. Muryar mai karatun da ya kunna mini a waya kuwa kamar yana zaune kusa da ni.

Mai arahar baƙi ne, ƙato, yana da ƙugiyar roba da ke zagaye bayan kunne. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Muryarsa siririya ce, kuma ba ya toshe kunne sosai, ana jin titi ta gefe. Maɓalli ɗaya gare shi, na dannawa, mai ƙara ƙyas. Shi ma ba ruwansa da zufa, cajinsa ma wai ya fi daɗewa. Kuɗin naki zai sayi irinsa bakwai. Mai shagon ya ce shi dai da tsohonsa zai saya wa, mai ƙugiya zai ɗauka, don ko an sunkuya ba ya faɗuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma raina ga mai ƙugiyar ya kwanta. Ina tunanin yatsun Babanku da ko maɓallin riga ba sa iya sawa. Amma kin ce sau uku a saya masa mafi kyau, kin ce kada a yi masa rowa, na kuma san daren da kike kwana a wurin aiki kafin ki tara. Sai na ɗauko naki.

Da ma kin ga fuskarsa! Ya juya gidan, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, ya ce Auta ce ta aiko? Ya sa na kira maƙwabcinmu don kawai ya nuna masa. Yau da safe ya fita da shi, na leƙa ta taga. Mai faci ya taso zai tare shi, ya hangi farin abu a kunne, ya ɗaga hannu ya koma. Babanku ya yi minti ashirin cur. Ya dawo yana haki yana fahariya, wai gobe sai ya kai gadar sama.

A gaida kowa. Ki daina kuka.

Taki,
Umma

*

Autata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, da kuma kiranki da Babanku ya ƙi ɗauka. Ba fushi yake da ke ba. Kunya ce ta kama shi, bari ki ji.

Kwana shida abin na tafiya daidai, sai dai ƙananan matsaloli. Sau biyu na dama ya faɗo, saboda gefen fuskar nan da ya ɗan saki, sai wani ya ɗauko masa. In ya kai hannu zai gyara, yatsan na rawa, sai ya shafa inda bai kamata ba, waje ya ɗauke. Wannan ya fi damunsa. Ya ce shi direba da kunne yake sanin abin da ke bayansa, ko babur ne ko tirela, ko birki ya ci ko bai ci ba. Tafiya a bakin titi ba ya jin inji, ji yake an ɗaure masa ido.

A rana ta bakwai ya bi ta gaban tsohon gareji. Kin tuna Tsoho, wanda ya koya masa tuƙi tun yana ɗan shekara sha tara, wanda ya tsaya masa a aurenmu? Ya haura tamanin yanzu, idonsa ya yi rauni, ba ya ganin wani ɗan farin abu a kunne. Yana zaune kan benci ya gane Babanku ta tafiyarsa. Ya yi masa sallama, shiru. Ya kira shi da sunan da yake kiransa tun yana yaron mota, shiru. Ya miƙe da ƙyar ya biyo shi taku kaɗan yana kira, a gaban makanikai duka. Babanku ya wuce, idonsa na kan ƙafarsa yana ƙirga taku.

Da la'asar sai ga Tsoho a ƙofar gida, an rako shi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya zauna ya ce ya zo ne ya ji laifin da ya yi, don a yafe masa tun yana da rai. Auta, shekara talatin da takwas ina tare da mahaifinki, ko ranar da ya faɗi ban ga hawayensa ba, sai ranar. Ya zame daga kujera zai durƙusa, ƙafar ta ƙi, ni da ɗan rakiyar muka ɗaga shi.

An yi bayani, Tsoho ya ce ya wuce. Amma Babanku ya mayar da abin gidansa ya tura ƙarƙashin katifa, ya ce ya gama tafiya. Gara ya ja ƙafa da ya zama mara mutunci. Yau kwana tara ke nan. Likita ta duba shi jiya ta ce ƙafar ta fara komawa baya, ta kalle ni kamar ni na hana shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har yaji na ce zan yi, ya ce in gaida mutanen gida.

Kada ki ɗora wa kanki. Abin kirki kika saya, ni ce na ga gaskiya a shago na yi shiru. Ina jin tsoro, shi ya sa na gaya miki.

Taki,
Umma

*

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta 'yar jikata. Na ga hoton haƙorin da ya fito, Allah ya raya.

Zan fara da neman afuwa. Na koma shagon na sayo mai ƙugiyar nan ban shawarce ki ba. Naki yana nan a gidansa, na goge shi na ajiye cikin akwatina. In kin zo ki ɗauka, ke da kike shiga jirgin ƙasa mai ƙara kullum ke ya dace da shi. Na san kin so a ce naki ne ya tayar da shi. To ki sani ba don naki ba da bai taɓa yarda ya saka komai a kunne ba.

Da na kawo, ko kallo bai yi ba. Ya ce ko ana jin waje da shi, matsalar tana nan: in ya ji gaisuwa dole ya tsaya, in bai ji ba ya yi laifi. Ina cikin ɗinki washegari dabara ta faɗo mini. Na je na ce masa ai kunne biyu abin yake da shi, mu ma mu biyu ne. Ya saka ɗaya a kunnen hagu, ya bar na dama a buɗe don titi. Ni in saka ɗayan in bi shi. Shi aikinsa tafiya da ɗaga hannu, ni aikina baki. Ya ce mace mai ciwon gwiwa ina za ta iya. Na ce a gwada a ga wanda zai fara neman wurin zama.

Haka muka fara, sati uku ke nan. Wayar tana aljihunsa, muna jin labaran safe tare, yana musu da mai karantawa. Duk wanda ya taso, ni nake tarar sa: yana amsawa, jiki da sauƙi, likita ce ta hana shi tsayawa, a zo gida da yamma a sha shayi. Suna zuwa kuwa, sukarina ya ƙare. Gaban gareji kaɗai muke karya doka. Nan yake danna maɓallin ƙyas, ya tsaya ya gaida Tsoho yadda ya kamata, Tsoho ya kore shi da sanda wai ya wuce kada ƙafa ta huce.

Kullum ni ce nake rage sauri. Ina tafe ina ƙirga masa taku a zuci, ina yi kamar gwiwata ce ke damuna don kada ya gane jiransa nake.

Yau da safe a hawan gadar sama matar mai shagon bakin layi ta tare ni, na ɗan tsaya amsa mata, ban fi minti ɗaya ba. Muna rabuwa na ci gaba, sai muryar mai labarai ta fara yankewa a kunnena, ta dawo, ta sake yankewa, ta ɗauke gaba ɗaya. Na ce shi ke nan, mai araha ya nuna hali. Na cire ina jujjuya shi ina danna maɓalli, raina a ɓace. Can na tuna abin ba ya aiki in ya yi nisa da waya. Na ɗaga kai.

Babanku yana can saman gada. Sandar tana hannunsa amma ba ta taɓa ƙasa. Na ɗaga ƙafa, na ƙara sauri har ina haki, Auta, wallahi na kasa cim masa. Sai da ya kai ƙarshe ya waiwayo ya gan ni tsaye a tsakiyar hanya ina share fuska da bakin mayafi. Ya ɗaga murya, duk masu wucewa na ji, ya ce:

"Hajiya, ki daure mana. Likita ta ce ba a tsayawa."

Ki kira shi yau, zai ɗauka. Kada ki ce na ba ki labari, ki bar shi ya ba ki da kansa, ya ƙara gishirinsa yadda ya saba.

Ki gaida maigidanki da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Umma