Muryar Abokiyar Waƙata Ta Sauka, Ni Kuma Amshi Kaɗai Na Iya

Anti Maimuna, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Sai dai kafin in kawo kukana bari in fara da hamdala, domin a 'yan kwanakin nan ji nake kamar an sauke min kayan da na daɗe ina ɗauke da su, har kunya nake ji in ce ina da matsala.

Ni mawaƙiya ce a Zuru. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake na san ɓuyan banza nake yi, duk wanda ya taɓa zuwa biki a ƙasarmu zai gane ni kafin ya kai ƙarshen takardar nan. Mu biyu ne muke waƙa. Abokiyar tawa bari in kira ta Monica. Tagwaye mutane suke ce mana, alhali ita doguwa ce ni gajera, ita Kirista ni Musulma, ita da Dakarci ta buɗe baki ni da Hausa.

A Kanya muka haɗu muna 'yan mata. Kakata Nagoggo tana da gona a can, kan iyaka da ta su Monica. Wata ranar gayya maza suna huɗa, mu muna kai musu kunu, sai Monica ta ɗauko waƙar noma da wata siririyar murya mai tafiya har gindin dutse. Ban san lokacin da bakina ya amsa ba. Ko ma'anar abin da nake amsawa ban sani ba, tunda Dakarci ne. Nagoggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ɗiyar da ke amsa abin da ba ta sani ba, sai a tsare ta ranar da samari suka fara sallama.

Daga baya Gabriel, mai kaɗa fiyano a cocin su Monica, ya buɗe ɗan situdiyo a cikin gari. Shi ya ɗora waƙoƙinmu na gona da na daka a kan fiyano da gita da kalangu, rabi Hausa rabi Dakarci. Wadda muka yi wa kakata, Dawar Nagoggo, ita ta fito da mu. Rediyo ta ɗauka, 'yan kabu-kabu suka cika wayoyinsu da ita, kuma kin san ba barikin sojan da babu ɗan Zuru, to duk inda suke ta bi su. Mun yi bikin coci, mun yi kamu da walima, daga Ribah har Yawuri da Kontagora. Da waƙar nan na yi aure, da ita na yi goyo.

Ga inda matsalar take. Tsarinmu tun daga gonar nan bai canza ba: ita ke bayarwa, ni ke amshi. Makirufo ɗaya muke riƙewa, ita ta ɗan rusuna ni in yi ɗage. Kullum tana damana. Kuma ba kiɗa nake saurare ba, Anti, kafaɗarta nake kallo ta gefen ido. In ta ɗaga na san ta ja numfashi, waƙa na tafe, daga muryarta kuma nake gane inda tawa za ta zauna. Gabriel ya taɓa gwada ɗaukar mu daban-daban irin na zamani, ya toshe min kunne da abin sauraro ya bar ni ni kaɗai a ɗaki. Muka ɓata masa wuni, ƙarshe ya ce mu koma yadda muka saba kafin mu sa masa hawan jini. Shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa buɗe waƙa da bakina ba, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Ina son wurina.

Da daminar bana muryar Monica ta fara dishewa. Muka bi ta da zuma da citta da kanumfari, abu ya ƙi. A Sakkwato likita ya ga tsiro a maƙogwaronta, aka yi tiyata, aka tura abin da aka ciro gwaji, aka hana ta magana na wani lokaci. Ba wanda ya ambaci sunan ciwon da muke tsoro, amma kowa shi yake tunani. Abinci ya daina shiga cikina. Mijinta Oga Philip, tsohon soja ne da ya ga yaƙi da idonsa, na same shi a gindin mangwaro yana share hawaye da hularsa.

Ina tsakiyar kasuwa ina zaɓen tattasai Oga Philip ya kira ni ya ce sakamako ya fito, ba ciwon daji ba ne. Anti, guɗa na rangaɗa a wurin, ni da girmana. Na bar kayan miyan a kan tebur na haye kabu-kabu, sai da muka kai ƙofar gidansu na lura takalmi ɗaya ne a ƙafata. Har yau in na tuna sai in ji numfashina ya sauka har ciki. Likita ya ce za ta ci, za ta sha, za ta yi magana, za ta ga jikokinta in Allah Ya so. Siririyar muryar nan dai ta tafi, ba za ta dawo ba. Wallahi na yafe ta, tunda an bar min mai ita.

To amma ga abin da ya faru tun muna cikin jiran sakamako. Akwai bikin da muka yi alkawari a Wasagu, Monica ta yi min nuni da hannu in je. Da la'asar fili ya cika, Gabriel ya saki kiɗa, na riƙe makirufo na tsaya. Kiɗa ya zagayo inda ake shiga, ya wuce. Ya sake zagayowa, ya wuce. Ba mantuwa na yi ba, baitocin suna bakina, kafaɗa nake jira, in na saci kallon dama kuma ba kowa sai lasifika a kan kujera. Gabriel yana ta zaro min ido, amarya ta leƙo daga cikin mayafi, 'yan mata sun fara ƙus-ƙus. Sai wata tsohuwa daga dangin ango, Allah Ya saka mata da alheri, ta gaji da jira ta ɗauko baitin farko daga inda take zaune. Ai kuwa bakina ya buɗe. Haka muka ƙare bikin, jama'a na bayarwa ina amshi, suka tashi suna yaba sabon salo. Ni da Gabriel kaɗai muka san kunyar da aka tsallake.

Yanzu ɗiyar Monica, Sandra, za ta yi aure bayan girbi. Yarinyar nan a bayana ta yi barci a wuraren biki. Bayan sakamako da 'yan kwanaki Monica ta ce min tana son jin Dawar Nagoggo a bikin, ba ta ƙara komai ba. Gabriel ya ce akwai wata Success a ƙungiyar mawaƙan cocinsu, muryarta na hawa sama kamar ta Monica a da, a tsayar da ita a damana a wuce wurin. Maigidana Baban Amir kuma ya ce Allah Ya nuna min lokacin hutu, hanyoyi ma ba kamar da ba, in ajiye makirufo da mutuncina, a sa faifai a bikin. Ni kuma yaya zan tsayar da wata a wurin Monica, tana zaune tana kallo, a bikin ɗiyarta? In na tsaya ni kaɗai, wa ya tabbatar min za a sake samun tsohuwa mai gajen haƙuri?

Wani abu da na kusa mantawa, shi ma yana cin raina. Ranar da sakamakon ya fito, bayan an gama koke-koke da addu'o'i, kowa da irin tasa, muka zauna a tabarma ni da Monica muna ɓarar gyaɗa kamar da. Daɗi ya cika ni, hannu na aiki, ban ankara ba baitin farkon Dawar Nagoggo ya fito daga bakina. Ba waƙa nake yi ba, murna ce ta rasa hanyar fita. Sai na ji an amsa daga gefe da wata murya ƙasa-ƙasa mai kauri. Muka kalli juna. Ta yi dariya ta ce muryarta ta koma irin ta tsohon babur ɗin Oga Philip, ta ci gaba da ɓara. Ni kuwa kunya ta rufe ni, kamar an kama ni zaune a kujerar mai gida. Tun ranar ba wadda ta tayar da zancen. Ina tsoron kada ta ɗauka ɗokin gaje wurinta nake yi.

Ki faɗa min abin yi, Anti. In karɓi Success, ko in bi maganar maigida?

Mai Amshi, daga Zuru

*

Mai Amshi, 'yar'uwata, na taya ki hamdala, kuma ki gaida min Monica da jiki. Ɓuyan naki bai yi ba kam, don ni ma na taka rawa da waƙar kakarki a bikin 'yar ƙanwata. Ina fata dai an tsinto miki takalmin.

Gabriel ba mugunta yake nufi ba. Shi ya tsaya a bayan fiyano a Wasagu yana zufa, ba ya son a maimaita, kuma nemo wata murya abu ne da masu sana'arku suke yi ba tare da an ce sun ci amana ba. Baban Amir ma yana da gaskiyarsa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jiran matarsa ta dawo daga hanya, in ya ce a huta, ƙauna ce ta sa shi. Sai dai su biyun sun gina shawararsu a kan maganarki cewa ba ki iya fara waƙa ba. Ni kuwa ban yarda da ke ba.

Kin rubuta min cewa ba ki taɓa buɗe waƙa da bakinki ba, sai ga shi a ƙasan takardar kin ba ni labarin ranar da kika buɗe. Ki kira shi murna ko duk abin da kika ga dama, baiti ne ya fito, kuma ke kika fito da shi. A Wasagu kin kasa saboda lasifika ce a damanki. A kan tabarma kin iya saboda Monica ce a wurin. Ashe ba mai fara miki kike nema ba, ita kike nema kusa da ke.

Zancen ko ta ji haushi kuwa, ke da kika yi shekaru kina amshi kin fi ni sanin ba a yin sa dole. Wadda ranta ya ɓaci shiru take yi. Ita ta amsa, ta yi dariya, bayan 'yan kwanaki kuma ta roƙi wannan waƙar dai, ba wata ba. Ina zaton yadda kike jin nauyin zama a wurinta, haka take jin nauyin roƙon naki wurin. Zato ne fa nake yi, ban shiga zuciyarta ba. Mai yiwuwa ne ba ta shirya jama'a su ji sabuwar muryarta ba, kuma wannan haƙƙinta ne. Shi ya sa sai kin tambaye ta da baki.

Kafin nan, a fara da likita. A sa Oga Philip ya kira shi ya ji ko maƙogwaron zai ɗauki amshi ƙasa-ƙasa na ɗan lokaci. In ya ce a'a, to a'a ce. Lafiyar da kika yi wa guɗa a kasuwa ba za a ɓarar da ita saboda biki ɗaya ba. In ya yarda, ki ɗauki gyaɗarki ki je ke kaɗai, ba Gabriel ba kowa, ki ce mata kina son ki bayar ita ta amsa. Ku fara gwadawa a tabarmar nan, sai kun saba sannan ku shiga situdiyo, Gabriel ya sauko da kiɗan daidai muryoyinku na yanzu. Success ta zo, amma ta tsaya a baya ta tallafa in Monica ta gaji, kuma da sanin Monica. Kada kowa ya canza gefen tsayuwa.

Ki sani ba zai yi kama da na da ba. Za a samu masu cewa tsohon ya fi daɗi, ki bar su, su ma kewa ce take damun su. Maganar ajiye makirufo kuma ki roƙi Baban Amir ya ɗaga miki ƙafa har bayan biki, sannan ku zauna ku yanke da kwanciyar hankali.

In kuma likita ya hana, ko ita ta ce ba za ta iya ba, kada ki matsa mata. Abu ɗaya za ki roƙa: ta taso cikin adonta na uwar amarya ta tsaya a damanki, in kiɗa ya zagayo ta ja numfashi kawai. Maƙogwaro likita ya yi wa aiki, bai taɓa kafaɗarta ba.

Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya ba Sandra zaman lafiya a ɗakinta, ke kuma Ya buɗe miki baki ranar.

Anti Maimuna