Tabar da Nake Daka Maka

Maigida,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana da rai ma sai an karanta maka, kana ji kana gyara wa mai karatu. Duk da haka zan rubuta, don akwai maganar da bakina ya kasa faɗa lokacin da kake da kunnen ji.

Na fita takaba lafiya. Akokan ɗinmu ta gefen Arlit tana nan yadda ka bar ta, kullum raguwa take tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai da ka yi wa aiki. 'Yarmu Indo ta sauka, namiji, an mayar da sunanka. Kunya ba ta bari in kira shi, sai na ce Angona. Goshinka ne sak, har da saurin fushin.

Ka tuna tabarka? Shekara ashirin da biyu ina daka maka ita da kanwa. Ka ce a ƙarƙashin ƙasa an hana kunna wuta, shi ya sa kuka koma tabar ci, wai har ƙura take wanke muku daga maƙogwaro. Da gyambo ya fito maka a dasashi, kowa ya ce ƙurar rami ce. Kai kuma sai ka riƙa cusa tabar a kan gyambon, don tana kashe zafi. Haka muka yi ta yi har lokotoro a asibitin Agadas ya ce kansa ce, wato ciwon daji, kuma mun makara.

Ga abin da ban faɗa maka ba. Kullum kana yabon hannuna, kana cewa duk Arlit babu mai daidaita kanwa kamata. Ka taɓa tambayar kanka yadda nake daidaita ta? Ɗanɗanawa nake yi, kamar gishirin miya. Tun ina tofarwa har na daina. Shekara goma sha biyar ina da gwangwanin tabata a bayan buhun gero, ba ka sani ba. Kuma ranar da ka roƙe ni a gadon asibiti, bakinka ko kunu ba ya karɓa, ni na ƙullo maka tabar a haɓar zane. Tausayi ne ko wauta? Har yau abin yana cina. Ka yafe mini.

Yanzu wani farin tabo ya fito mini a cikin kumatu, ɓangaren hagu, inda nake ajiye ta. Na kankare, ya ƙi fita.

Yau kwanana goma sha tara rabona da ita. Kaina kamar zai tsage, jiya akuya ma sai da na yi faɗa da ita. In abin ya taso, sai in tauna kanumfari in kama shara. Abokanka sun aiko sau biyu in daka musu, na ce na daina, kuma duk mai gyambo a baki ya je a duba shi. Sun ce na yi girman kai. Su faɗa.

Ran Litinin zan shiga mota zuwa Agadas, za su yanki kaɗan daga tabon su duba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma da ƙafata zan je, tun bakina yana iya bayani. Ko me suka gani, taba dai ba za ta sake shiga bakin nan ba.

Ina kewarka ƙwarai, Maigida, sai dai ba na gaggawar zuwa. Allah Ya haskaka kabarinka. Ka yi haƙuri ka jira ni, in Allah Ya yarda zan daɗe.

Matarka,
Uwar su Indo